Na Je Kwatano da Aikin Matata

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona a Tudun Wada, ko cajar waya ya zo saya, sai ya ja benci ya zauna ya ce in ba shi labari. 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar har sun laƙaba min Na-Faransa, don Faransanci ake yi a can, alhali ko hanyar Faransar ban sani ba. Na ba su labarin teku, na ba su labarin 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, sun yi dariya sun watse. Amma rabin labari nake ba su, kuma rabin da nake dannewa shi ne ainihin tafiyar. Yau na ce bari in zauna in rubuta shi duka, in ji kunyar sau ɗaya in huta.

Akwai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Doguwa, suna da injin gwajin jini da ya girmi wasu ma'aikatansu. Injin lafiyarsa lau. Matsalar ita ce manhajar da ke karanta sakamakonsa an rubuta ta ne don wani tsohon tsarin kwamfuta, kuma kwamfutar da ke ɗauke da tsarin ta mutu murus. Malam Yusha'u, mai kula da ɗakin gwajin, ya ɗaure ta a bayan babur ya ratso dajin Falgore ya kawo min. Na buɗe na duba, na ce masa wannan sai dai haƙuri. Na haɗa masa wata kwamfutar mai tsarin kyauta, na ɗora mata wata manhaja da masu aikin sa-kai na ƙasashe daban-daban suke rubutawa. Aikinta tafinta ne: tsohuwar manhaja ta yi magana kamar tana gidanta na da, ita kuma ta juya maganar yadda sabon tsarin zai gane.

Kwana uku da tafiyarsa ya kira ni. Sakamakon wata mai juna biyu ya fito a ƙarƙashin sunan wani tsoho, na tsohon kuma ya koma kanta. Allah ya taimaka ya san su duka biyun, ya ga abin bai yi daidai ba. Ya rufe injin, marasa lafiya suka koma shiga mota zuwa Tudun Wada don gwajin da bai fi minti goma ba. Na yi sati guda ina tono, ban gano komai ba sai ciwon kai.

Wadda ta gano ita ce matata. Sunanta Rukayya, 'yar Bebeji ce, tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Aji ɗaya muka yi a kwalejin fasaha, kuma duk 'yan ajinmu sun san wanda ya fi wani kai a tsakaninmu. Tana dawowa daga makaranta za ta ture littattafan ɗalibai gefe ta ja kwamfutar, ni ina gefe ina miƙa mata abin da ta nema.

Ga yadda ta yi min bayani. Babbar manhaja ba aiki ɗaya take yi a lokaci guda ba, rarraba shi take yi, kuma kowane aiki da ke tafiya da kansa masu sana'ar suna ce masa zare. Kowane zare yana da jerin aljihunansa, inda yake ajiye abin da ya shafe shi shi kaɗai. Manhajar asibitin, sai ta riga ta tashi sannan take ɗauko wani ɓangare nata idan an jona injin, kuma wannan ɓangaren yana buƙatar sabon aljihu a jikin kowane zare. Tafintar tana ɗinka wa zaren da aka fara daga baya, amma waɗanda suka riga suka fara tafiya ba ta yi musu. Sai su dinga zura hannu wuri ɗaya, wannan ya ajiye, wancan ya ɗauka. Rukayya ta rubuta gyaran da zai bi kowane zare ya yi masa sabon jeri mai tsawo, ya kwashe kayan tsohon ya zuba a ciki. Muka gwada har muka gaji, bai sake haɗa jinin kowa da na wani ba. Ta miƙo min gyaran da wasu shafuka biyu na bayani da ta rubuta da biro, ta ce in tura wa masu manhajar, tunda ni nake da rajista da su.

A wajen turawa akwai layin da ake sa sunan wanda ya rubuta. Nan na tsaya. Mu mutanen Ba'awa ne, asalinmu Fulani ne da suka zauna suka kama noma, kuma a gidanmu namiji ba ya kama sunan matarsa. Har mahaifina Baffa ya rasu ban taɓa jin ya kira sunan Inna ba, sai dai ya ce mutanen gida. Ni ma tun da aka haifi ɗanmu, Maman Sadik nake cewa. To yaya zan ɗauki sunanta in kafa a inda dubban maza baƙi za su karanta? Na ce wa kaina mutunta ta nake yi, na rubuta sunana, Habu. Yanzu da na zauna na auna, alkunyar ba ta fi cikin cokali ba, sauran duk son a san ni ne.

Bayan wata biyu gayyata ta zo. Za a yi taron masu aikin manhajar na wannan yankin a Kwatano, sun ɗauki nauyin mota da masauki ga wanda ya yi gyaran aljihun zare, kuma a ƙarshen taron za a zaɓi mutum ɗaya a ba shi gurbin aiki na wata shida daga gida. Nan ya kamata in buɗe baki. Sai na ce mata an gayyace ni ne saboda 'yan ayyukan da na daɗe ina yi musu, alhali ayyukan ba su wuce gyaran rubutu ba. Ta ce Allah ya sa alheri, ta yi min dambun nama cike da roba.

Na tashi da sassafe na hau mota zuwa Kwanar Dangora, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Ƙafin Maiyaki inda aka ce babbar motar Legas za ta tsaya ɗaukar kaya. Awa uku muna jira. A nan na haɗu da Alhaji Mati, ɗan kasuwar albasa daga Kiru, mutum mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, wanda ya ce ya san hanyar Legas fiye da hanyar gonarsa. Kujerarmu ɗaya. Kafin mu kai Zariya ya san sunan kakana, ya kuma tambayi abin da zai kai ni ƙasar waje. Na gyara zama na zuba masa bayanin zare da aljihu kamar ni na haife shi. Ya saurara har na gama, sannan ya juya ya sanar wa mutanen baya cewa ga tela nan, aljihu yake ɗinka wa kwamfuta, Turawa sun aiko a kai shi. Daga nan har Legas sunana Tela.

Da na buɗe dambun na yi masa bismilla irin ta baki, shi kuma ya karɓa da zuciya ɗaya. Ya ci fiye da rabi, ya tambayi wa ya yi. Na ce mutanen gida. Ya ce in riƙe su da kyau, hannun da ya yi wannan ba a wasa da shi.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban ga komai ba sai bayan motoci. Alhaji Mati ya sa ni a motar bakin iyaka da hannunsa, ya gargaɗe ni kada in canza kuɗi a wajen wanda ya fara yi min sallama. A iyakar Seme aka nemi katin rigakafi. Na zazzage jaka a gaban jama'a, singileti da safa duk a waje, sai ga shi a ƙarƙashin robar dambu, mai ya jiƙe shi har ana hango hannu ta bayansa. Jami'ar da ke dubawa ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta shinshina, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta shinshina. Da ƙyar suka karanto hatimin, suka miƙo min suna dariya. Ina tsallakawa wani ya yi min sallama da Hausa tsantsa, daɗi ya kama ni, na canza kuɗina a wajensa.

Kwatano gari ne na babur. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma mata ma suna tuƙa nasu, da jaka a kafaɗa da yaro a goye, ba wanda ya ko kalle su sai ni. An sauke mu a ɗakunan baƙi na wata makaranta, mutum biyu a ɗaki. Abokin zamana wani saurayi ne ɗan Togo mai suna Kosi, siriri, mai yawan ba da haƙuri ko bai yi laifi ba. Da safe aka kawo burodi dogo mai tauri kamar sandar kiwo, na gatsa ya yanke min dasashi. Da rana kuma wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi da barkonon da ya sa na nemi ruwa da hannu biyu. Kosi ya ba ni haƙuri a kan barkonon.

Da yamma na tari ɗan acaɓa na faɗa masa kalma ɗaya da na tabbata zai gane, wato Zango, unguwar Hausawa. A can na samu tuwo da miyar kuka a rumfar wani dattijo, Baba Inuwa, wanda ya ce kakansa daga Kiru ya zo da fatauci bai koma ba. Hausarsa rabi Faransanci ce, amma gaisuwarsa ta fi tamu tsawo. Ya hana ni biyan kuɗin tuwon. Bayan sallar magariba ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa ɗansu ne daga gida, ilimi ya kawo shi. Aka yi ta shafa min kai da addu'a.

A wajen taron abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, kowa da sunansa a rataye a ƙirji, kuma da shi ake kiransa, ba Malam ba Hajiya. Shugabar ɓangaren da gyaran ya shafa wata malamar jami'a ce mai furfura, Madam Odil, amma yaran da ta yi jika da su Odil suke ce mata gatsau. Ni dai bakina ya ƙi. Mijinta ma da ya kawo ta a babur, a gaban kowa ya ƙwala mata kira da sunanta don ta manta tabarau. Na biyu kuma shi ya fi damuna. Duk wanda ya gama bayani sai ya karanto sunayen waɗanda suka taimaka masa, har wanda bai yi komai ba sai nuna kuskure. Kosi, da ya gama nasa, ya ambaci yayarsa da ta ara masa kwamfuta.

Rana ta biyu bayan azahar aka kira ni. Na haddace bayanin tsaf, na kawo labarin asibitin Doguwa da mai juna biyu da tsoho, aka yi tsit ana saurare, na gama aka tafa. Har na fara jin cewa na tsallake. Sai Madam Odil ta ɗaga hannu ta ce aikin ya yi kyau, tambaya ɗaya gare ta. Bayan an yi wa zare sabon jeri, an bar tsohon yana nan ba a share shi ba. Me ya sa?

Ban sani ba. Ban ma taɓa lura ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na yi murmushi na ce mantuwa ce. Ta ce to in gyara su gani, tunda layi ɗaya ne. Na ƙara layin a gaban mutum kusan arba'in, komai na fitowa a babban allo, na saki gwajin. Manhajar ta faɗi nan take. Na sake, ta sake faɗuwa.

Madam Odil ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanda ya rubuta wannan bai manta ba, da gangan ya bar shi. Habu, wa ya rubuta?"

Na ce iyalina ne.

Ta ce, "Iyalin naka ba su da suna?"

Na faɗa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta shi a gaban maza ba, sai ranar, kuma a matsayin ɓarawon da aka kama da kaya a hannu. Ta nemi lambar wayarta, ta kira a nan take, ta buɗe murya kowa na ji. Rukayya ta ɗauka, ana jin Sadik yana rigima a kusa da ita. Madam Odil ta gabatar da kanta ta maimaita tambayar. Ko daƙiƙa biyu Rukayya ba ta yi ba ta amsa, da Turancinta na aji, a natse. Ta ce lokacin da ake musanya jerin, mai yiwuwa zaren yana tsakiyar karanta tsohon, kuma share shi a lokacin kamar rushe tsohon rumbu ne mutum na ciki yana ɗibar hatsi. Sai a bar shi har zaren ya gama aikinsa, sannan a share. Ta ƙara da cewa ta rubuta wannan a shafi na biyu na takardar da ta ba Baban Sadik. Takardar tana cikin jakata, ban taɓa wuce shafin farko ba. Tafin da aka yi mata ya ninka nawa, ni kuma ina tsaye a gaban allo ban san inda zan sa hannuwana ba.

Da aka tashi Madam Odil ta kira ni gefe. Na fara yi mata bayanin al'adarmu, ta saurara da kyau, ta ce ta fahimta, su ma a ƙauyensu akwai irin wannan. Sai ta tambaye ni ko al'adar ce ta karɓi gayyatar. Na roƙe ta a cire sunana a sa na mai aikin. Ta ce ba a yi, domin tarihin manhajar ya riga ya shiga kwamfutocin mutane da yawa, ba a komawa a goge. Abin da za su iya shi ne su ƙara bayanin gyara a ƙasa, amma layin farko zai ci gaba da cewa Habu. Gurbin aikin kuwa, sharaɗinsa mutum ya zo ya yi kwana biyun nan yana aiki tare da su. Ta ce, "Ita muka gayyata, ba mu dai sani ba." Aka ba Kosi. Da muka koma ɗaki ya zo yana ba ni haƙuri, wannan ya fi komai yi min ciwo.

Na san abin da wasunku za su ce, wai ai ko da an sa sunanta ba za ta je ba, mace da goyo ina ita ina Kwatano. Yayanta yana Legas, da shi zai tsallaka da ita, kuma Inna ba ta taɓa ƙin riƙe Sadik ba. Ko da ma ba za ta je ba, ita ya kamata ta ce ba za ta je ba.

Ban koma na yi wa Baba Inuwa sallama ba, na kasa. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don kaina a jikin gilashi yake tun daga Legas. A Kwanar Dangora motar Tudun Wada uku ta cika ta tashi ina zaune a benci, har mai shayin wajen ya tambaye ni ko wani nake jira.

Na isa gida da la'asar. Ta yi min sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta tambayi hanya kamar kullum. Na kasa ci. Na ture kwanon na fara magana, ina ta kewaye-kewaye, sai ta tare ni.

"Na gani tun ranar da ka tura," in ji ta. "Shafinsu a buɗe yake, kowa na iya karantawa."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba.

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Har ranar da na raka ka ƙofa da jakarka, jira nake. Da ka tambaye ni, Baban Sadik, wataƙila ni da kaina in ce ka je. Ba ka tambaya ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta ɗauke kwanon ta rufe ta ce in ci in na huta. Na ba ta haƙuri ranar, na sake ba ta washegari, ta ce ya wuce, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa.

Injin Doguwa yana aiki, Malam Yusha'u har yau ni yake yi wa godiya duk da na gaya masa gaskiya sau biyu. Rukayya ta buɗe rajistarta da masu manhajar. Tana dawowa daga makaranta ta ja kwamfutar kamar da, sai dai yanzu ba ta cewa in miƙo mata komai, kuma ba ta nuna min kafin ta tura. Makon jiya ta tura musu wani sabon gyara, sun karɓa. A shago na gani, a waya, kamar kowa.